Zancen Kasuwa: Katin Kyamara, a Haɗa ko a Saya?

 Zancenmu na wannan wata a kan wani ɗan abu ne wanda bai kai akwatin ashana girma ba, amma kuɗin wani daga cikinsu ya fi na ragon suna. Shi ne katin nan da samarinmu masu ɗaukar hoto suke sakawa cikin kyamara, wanda suke kira memori. Cikinsa ne hoto da bidiyo suke taruwa, kamar yadda dā suke taruwa a jikin fim.

Abin da ya sa muka ta da maganar, kowa ya ga yadda 'ya'yanmu suka kama wannan sana'a. Daga Tottenham har Peckham, ba a suna, ba a ɗaurin aure, ba a Maulidi ko walimar dawowa daga Makka, sai ka ga saurayi biyu ko uku da kyamara a kafaɗa, kafin gari ya waye kuma dangi sun gani a Nima da Kumashi da Tamale. Sana'a ce mai kyau, muna murna da ita. Amma kayanta da tsada, jarin kuwa yakan fito daga aljihun uba, ko daga adashin uwa, ko daga asusun rance na ƙungiyarmu. To, ga shi yanzu samarin sun rabu biyu. Waɗansu suna cewa a je kanti a sayi katin kamfani da hatiminsa. Waɗansu kuwa suna cewa wannan ɓarnar kuɗi ce, su sun iya haɗa nasu a ɗaki da ɗan sukudireba. Har 'yan kasuwarmu biyu ko uku sun fara tambaya ko akwai riba a sayo kayan haɗin da yawa, a riƙa haɗawa ana aikawa gida. Wanda za a taɓa aljihunsa ya kamata ya san abin da ake gardama a kai, don haka muka bi diddigin maganar.

Da farko a sani, ba kowane kati ake haɗawa ba. Ƙaramin nan mai suna SD, wanda kamfanonin SanDisk da Toshiba da Panasonic suka fito da shi a 1999, a liƙe yake tun daga ma'aikata, ba wanda ya isa ya yi shi a ɗaki. Duk wanda ya kawo muku SD mai araha ƙwarai da sunan babban kamfani a jikinsa, ku rufe jaka. Na jabu sun yi yawa, irin wanda aka rubuta masa girman da ba shi da shi. Yana karɓar hoto kamar gaske, in ya cika sai sabo ya riƙa hawa kan tsoho, mai shi bai sani ba sai ya koma gida.

Wanda ake gardama a kansa shi ne babban, mai suna CFexpress, musamman nau'in da aka sa wa harafin B. Ƙungiyar kamfanonin da ke tsara waɗannan katuna ta ba da sanarwarsa a 2016, a 2019 kuma ta raba shi nau'i uku, A da B da C. Nau'in B tsawonsa milimita 38 da rabi ne, faɗinsa kusan 30, kaurinsa bai cika 4 ba. Dalilin da ya sa aka bukace shi kuwa, kyamarorin zamanin nan sun zama masu haɗama. Ga misali Canon R5 da ta fito a 2020. In an sa ta bidiyo mafi nauyi da take iyawa, tana zuba fiye da megabait 300 cikin kati a kowace daƙiƙa, watau kati mai gigabait 512 ba ya ɗaukar minti 30 sai ya cika. Ku kwatanta da bikin da ake farawa da azahar a tashi tsakar dare. Ba a ɗaukar dukan biki da wannan nauyi, amma ko da na ƙasa da shi kati ɗaya ba ya isa, daga nan ne lissafin yake hawa.

To, asirin da samarin suka gano shi ne wannan. Katin CFexpress da ƙwayar ajiyar da ke cikin ƙananan kwamfutoci, wadda ake kira SSD, harshe ɗaya suke magana, hanya ɗaya kuma suke bi wajen karɓar kaya da miƙawa. Akwai wata ƙwaya ƙarama mai lamba 2230, watau faɗinta milimita 22, tsawonta 30, irin wadda ake samu cikin kwamfutar Surface ta Microsoft da na'urar wasan yara Steam Deck. Sai waɗansu masu sana'a a ƙasar Sin suka ƙera mata kube na ƙarfe daidai girman katin nau'in B. Ka kwance 'yan sukurori, ka zura ƙwayar, ka shafa man da ke jan zafi zuwa jikin ƙarfen, ka rufe ka ɗaure, ka saka cikin kyamara ta share shi ta tsara shi yadda take so. Aikin bai fi na kwatan awa ba. A wajajen 2021 da 2022, wanda ya haɗa mai terabait ɗaya haka, sau da yawa kuɗinsa bai kai rabin na katin kamfani ba. Saurayin da ya zo muku da wannan magana ba ƙarya ya yi ba, kuma ba hauka yake yi ba.

Dattawan da suka san ɗakin hoto na dā za su ce ai wannan tsohon labari ne, sun kuwa yi gaskiya. Masu hoto na zamanin fim sukan sayi babban naɗi mai ƙafa 100, su shiga duhu su yanka shi su naɗa cikin tsofaffin gwangwanaye, naɗi ɗaya ya ba su wajen 18 masu hoto 36 kowanne. Da arha, amma in ƙura ta maƙale a bakin gwangwanin sai ta ja zane a jikin fim ɗin daga farko har ƙarshe, in murfin ya saki kuwa haske ya shiga ya ƙone aikin yini guda. Kafin wannan ma akwai masu akwatin katako da kafinta ya ƙera, waɗanda ke zaune bakin kasuwa da ƙofar ofisoshi a Ankara da Kumashi, ka zauna a ɗauke ka, ka jira ka karɓa nan take. Sana'ar hoto a ƙasashenmu ta girma ne a hannun masu dabara, ba a hannun masu jiran Bature ya aiko da kome a kwali ba. Saboda haka ba za mu tsaya a wannan shafi mu zagi yaro don ya ɗauki sukudireba ba.

Akwai kuma wata rigima da ta taso daga nan Ingila, wadda ta ƙara wa masu haɗi ƙarfin gwiwa. Kamfanin RED na Amurka, mai yin kyamarorin finafinan silima, a dā yana sayar da nasa katin mai suna Mini-Mag, kyamarar kuwa an yi ta ne don irinsa kaɗai. A 2017 wani ƙaramin kamfani na ƙasar nan mai suna Jinni Tech ya fito da kati mai araha da ke aiki a cikinta, magana ta kai kotu a Amurka, kowa ya kai ƙarar ɗan'uwansa. A watan Yuli na 2019 sai Jinni Tech suka ɗauki katin RED suka buɗe shi a bidiyo duniya na kallo. Abin da aka gani ciki ƙwayar Micron ce irin ta kasuwa, ta 'yan ɗaruruwan dala, da ɗan allon da ke haɗa ta da bakin kyamara, alhali katin ana sayar da shi kusan dala 2,000. Shugaban RED na lokacin, Jarred Land, ya amsa da cewa kuɗin na gwaji ne da tantancewa da kula da mai saye in abu ya ɓaci. Ba a daɗe ba suka rage farashi, kyamarorin da suka fitar daga baya kuma suka koma amfani da katunan da kowa ke iya saye. A 2024 Nikon ta sayi kamfanin ɗungurungum.

Masu haɗi sukan tsaya a rabin farko na wannan labari, su ce kun gani, abu ɗaya ne ciki. Mu kuwa 'ya'yan zango ya kamata mu fi kowa fahimtar rabi na biyu. Kakanninmu da suka yi fataucin goro daga Salaga, da iyayenmu da suka yi shi a Kumashi, sun san goro goro ne, daga daji ɗaya yake fitowa. Amma huhu biyu ba su zama kuɗi ɗaya. Ɗaya an zauna an tsince shi ɗaiɗai, an fid da mai sankara, an jera shi cikin ganye mai kyau, kuma akwai maigida a zango wanda ya tsaya a kai, in aka buɗe a Kano aka ga ɓarna an san ƙofar da za a buga. Ɗayan kuwa an saye shi a bakin hanya daga wanda ba a san masaukinsa ba. La'adar da maigida ke karɓa ta idonsa ce da sunansa. Haka katin nan yake. Masu yin ainihin ƙwayoyin ajiya a duniya ba su fi a ƙirga da yatsu ba: Samsung da SK Hynix na Koriya, Kioxia na Japan, Micron da SanDisk na Amurka, sai YMTC na Sin. Sauran sunayen da kuke gani a kanti yawancinsu masu saro ne su tsince su ɗaure. Sunan ma kansa yakan sāke hannu. Lexar na Micron ne har 2017, sa'an nan aka sayar da sunan ga Longsys na birnin Shenzhen. Tambayar ita ce ko la'adar ta yi daidai da aikin. Ta RED ta wuce kima, kasuwa kuwa ta hukunta ta. Wannan bai nuna cewa tsintar ba ta da amfani ba.

Bari mu faɗi abin da ake tsincewa, don nan ne maganar take. Ƙwayar kwamfuta an yi ta ne don aikin ofis, inda kaya ke zuwa kaɗan kaɗan, a huta, su sake zuwa. Don ta nuna sauri, an yi mata wani ɗan fili kamar zaure, inda ake jibge kaya da gaggawa, in an sami sarari sai a kwashe su a hankali zuwa sito. Lambar saurin da aka buga a jikin kwali ta zauren ce. Bidiyo kuwa ba ya hutawa. Kamar motoci ne suka yi layi a ƙofar gida suna sauke buhuna ba tsayawa. Muddin zaure yana da wuri kome lafiya. Da ya cika, sai saurin ya faɗo zuwa na 'yan dakon da ke kai kaya sito, a waɗansu ƙwayoyi masu araha kuwa wannan saurin bai isa bidiyo mai nauyi ba. Kyamara ba ta san haƙuri ba, sai ta tsaya kawai. Abin takaicin shi ne, ba a minti na farko take tsayawa ba, sa'ad da yaro ke gwadawa a ɗakinsa ya ce kome daidai. Tana tsayawa bayan an yi nisa, ko bayan katin ya wuce rabi, watau daidai lokacin da aiki ya yi zafi. Katunan kamfani masu kyau akan buga musu wata alama, VPG400, ma'anarta an gwada an tabbatar ba za su sauko ƙasa da megabait 400 a daƙiƙa ba, ko zaure ya cika ko bai cika ba. Katin haɗin gida ba shi da wanda ya yi masa wannan shaida sai mai shi.

Na biyu zafi. Cikin kwamfuta akwai fili, wani lokaci har da fanka. Cikin kyamara kuwa katin yana cikin ɗan rami a rufe, kusa da batir. Ƙwaya in ta yi zafi takan rage saurinta da kanta don kada ta ƙone, yawancinsu a wajajen digiri 70 zuwa 80. Waɗansu kuma suna shan batir fiye da katin da aka yi don kyamara. Wanda ya gwada nasa a Edmonton cikin Janairu kada ya ɗauka haka zai yi a Tamale cikin Maris, ko ma a zauren biki na nan da mutum 300 suka cika shi a watan Yuli. Sa'an nan ga kuben kansa. In maƙerin ya kuskure da kaurin gashi, ko sukuru ɗaya ya ɗago kai, katin yana iya maƙalewa cikin kyamarar fam dubu uku ko huɗu, gyaran ramin kuwa ya cinye ribar da aka yi har da ƙari. Canon da Nikon suna buga sunayen katunan da suka gwada, na haɗi ba ya ciki.

Akwai wani abu kuma da 'yan kasuwa za su gane nan da nan. Da yawa daga ƙwayoyin 2230 masu arahar nan gwanjo ne, an ciro su daga tsofaffin kwamfutoci. Ƙwayar ajiya tana da iyakar rubutun da take ɗauka a rayuwarta, kuma ba a ganin tsufanta da ido. Amma tana riƙe da lissafin kanta. In aka sa ta a kwamfuta aka buɗe wata manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo, za ta faɗi awa nawa ta yi tana aiki da yawan abin da aka taɓa rubutawa cikinta. Wanda ya sayi doki bai duba haƙoransa ba, kada ya zo yana kuka da dillali.

Kada kuma a ce muna wa kanti talla. Na kamfani ma yana mutuwa. A 2023 an kai Western Digital ƙara a Amurka, masu ƙarar suka ce waɗansu ma'ajiyai na tafiya masu sunan SanDisk Extreme sun ɓatar musu da aiki, ga suna babba ga kuɗi mai yawa. Garanti kuwa, in kun karanta ƙananan rubutun, katin yake maye muku, ba abin da ke ciki ba. Za a ba yaro sabon kati, amma ba wanda zai sake ɗaura auren. Lamunin kanti ma yana rayuwa ne muddin kantin na da rai. Waɗanda suka daɗe a garin nan sun tuna da Tottenham Court Road sa'ad da take cike da kantunan kayan lantarki daga wannan baki zuwa wancan, yau sai kaɗan. Jessops ya durƙushe a Janairun 2013 kafin wani ya sayi sunan, Maplin ya rufe dukan kantunansa a 2018. Daɗa ratar farashin ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Bayan 2022 katunan kamfani sun sauko sosai har ribar haɗi ta ragu, a ƙarshen 2025 kuma ƙwayoyin ajiya suka yi tsada a duniya duka saboda manyan kamfanonin kwamfuta sun yi ta kwasarsu. Kada dattijo ya yarda da lissafin bara. A kawo masa farashin makon nan na duka biyu a rubuce.

Yanzu ga doka, wadda a ganinmu ita ce samarin ba su duba ba. Dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta ce in ka sayi abu ya zama da aibi, kana da kwana 30 ka mayar ka karɓi kuɗinka duka, cikin wata shida kuma kanti ne zai nuna cewa ba da aibin ya sayar ba. Amma wannan gata na wanda ya saya don amfanin kansa ne. Wanda ya saya don sana'a ba ya ƙarƙashinta, yana ƙarƙashin tsohuwar dokar ciniki ta 1979 da sharuɗɗan da kanti ya rubuta. Ga shi kuma dokar 2015 ɗin nan ta juyo ta fuskance shi ta ɗaya gefen, domin uban amaryar da ya ɗauke shi aiki shi ne mai saye. Dokar ta ce wajibi ne a yi aiki da kula da gwaninta gwargwadon hankali, in ba a yi ba a sake yi, in ba ya sākuwa a rage kuɗi, ragin yana iya kai dukan abin da aka biya. Biki kuwa ba ya sākuwa. Akwai kotun ƙananan ƙararraki da ke sauraron abin da bai wuce fam 10,000 ba, ba sai da lauya ba. Ku yi tunanin saurayi a tsaye gaban alƙali ana tambayarsa wane kati ya yi aiki da shi, ya ce wanda ya haɗa da ƙwayar gwanjo, bai kuma taɓa cika shi ya gani ba.

Mu dai a zango magana ba ta cika kai wa kotu ba, gaban dattawa take zuwa, wannan kuwa ya fi kotu zafi. Kuɗi ana mayarwa. Amma tsohuwar da ke Sabon Zango tana jiran ta ga fuskar jikanta ranar suna, ba abin da za a mayar mata. Gidan da abin ya faru da su za su faɗa wa gida goma, yaron kuma sana'arsa ta mutu a cikinmu tun ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Wanda ya yi tsimin fam ɗari ko ɗari biyu shi ne mai kyamara, wanda ya ɗauki kasadar kuwa mai biki ne, ba a kuwa shawarce shi ba. Nan ne muka ga rashin daidai.

Don haka ra'ayinmu ga iyaye da kwamitin asusu shi ne a raba aiki biyu. Akwai aikin da in ya ɓaci ana sakewa: tallan kanti, hoton kaya, koyon hannu, hira da wanda yake nan gobe. A wannan, yaro ya haɗa katinsa, Allah ya ba da sa'a, har muna so ya koya, domin wanda ya buɗe abu ya ga cikinsa ba a cutarsa a kasuwa. Sai dai ya sayi sabuwar ƙwaya daga inda ake ba da rasit, ya kuma gwada ta gwajin gaske, watau ya sa kyamara a bidiyo mafi nauyi ya cika katin daga fanko har baki, sau biyu ko uku, a ɗaki mai ɗumi, sa'an nan ya zauna ya kalli ƙarshen abin da ya ɗauka, ba farkon ba. Akwai kuma sa'ar da ba ta dawowa: lokacin da waliyyai suka zauna, lokacin da liman ya raɗa suna, lokacin da amarya ta fito daga gidan ubanta. Wannan sa'a ta katin kamfani ce, wanda ke cikin jerin da masu kyamarar suka gwada. Kati ɗaya mai kyau ya isa wannan, ba sai an sayi biyar ba, rancen da za a nema ke nan ya ragu. Yawancin manyan kyamarori suna da ramin kati biyu, a sa ta rubuta a duka biyun lokaci ɗaya. Amma a duba littafinta da kyau, domin waɗansu suna yin haka ga hoto kaɗai, bidiyo kuwa kati ɗaya suke ba shi. In haka ne, sai a tsayar da kyamara ta biyu, ko da wayar ƙane ce a kan ƙafa uku.

Ga 'yan kasuwa masu son shiga haɗi don sayarwa, maganarmu gajeriya ce. Ranar da ka ɗaure sukurun ka karɓi kuɗin mutum, kai ne ka zama maigidan huhun, ƙofarka za a buga. Ka sa cikin lissafinka harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari, wanda tun 1 ga Janairu 2021 ake karɓa wurin saye in kayan ba su wuce fam 135 ba, in sun wuce kuwa a karɓa wajen shigowa. Ka sa waɗanda za a dawo maka da su, tun da mayar da kaya Shenzhen wahalarsa ta fi kuɗinsa. Ka sayar da shi da sunansa na gaskiya, haɗin hannu, ka rubuta wace ƙwaya ce ciki, sabuwa ce ko gwanjo. Wanda ya manna takardar SanDisk ko Lexar a jikin abin da ya haɗa ya shiga dokar tambarin kasuwanci ta 1994, hukuncinta yana kai ɗaurin shekara 10. In bayan duk wannan lissafi akwai sauran riba, bismilla. Mu dai da muka auna, ba mu ga ta kai ta atamfa ba.

Abu ɗaya ya rage, wanda ya shafi katin haɗi da na kamfani baki ɗaya. Kati ba rumbu ba ne. Abin da ke cikinsa ɗan cajin lantarki ne ke riƙe da shi, in an jefa shi a akwati shekara da shekaru cajin yana iya zurarewa. Kun san James Barnor, mai hoton nan ɗan Ankara da aka haifa a 1929, wanda ya buɗe ɗakin hoto na Ever Young a Jamestown, ya zo Ingila a 1959. Hotunan da ya ɗauka a zamanin Nkrumah da na titunan Landan an baje su a Serpentine cikin Kensington Gardens a 2021, mutane suka yi layi suna kallo, don fim ɗinsa ya zauna cikin akwatuna shekara 60 bai gudu ba. Kada kowa ya sa ran katin memori zai yi masa haka. Mai hoto ya kwafe aikin wuri biyu a daren bikin kafin ya share katin, mai biki kuma kada ya ba da cikon kuɗi sai ya karɓi nasa kwafin a hannu, ya buɗe ya gani, ya kuma sa a wanke masa ko da hoto 20 a takarda.

Samarin da suka ba da suna don rancen kayan aiki, sakatare ya ce su zo taron wata mai zuwa da littafin kyamararsu, da jerin katunan da kamfaninta ya gwada, da farashin makon a rubuce. Wanda ya riga ya haɗa nasa ya zo da shi da sukudirebansa, dattawa suna so a buɗe su ga cikinsa.